Shirley Ann Jackson: Daga Sa Ido Kan Tashoshin Nukiliya Zuwa Mulkin Jami'a

Ranar 26 ga Afrilun 2006 malaman jami'ar Rensselaer da ke garin Troy a jihar New York ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar yankan ƙauna a kan shugabarsu. Da aka ƙirga, mutum 149 suka ce sun dawo daga rakiyarta, 155 suka ce a bar ta. Ƙuri'a shida ce ta raba gardama. A wata jami'ar, shugaban da kusan rabin malamansa suka juya wa baya haka sai ya fara tattara komatsansa. Ita kuwa Shirley Ann Jackson sai da ta ƙara shekara 16 a kan kujerar.

Masaniyar fiziks ce, ita ce baƙar fata mace ta farko da ta samu digirin digirgir a MIT, jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Massachusetts, kuma kafin ta zo Troy ta yi shekara huɗu tana shugabantar hukumar da ke sa ido kan tashoshin nukiliyar farar hula na Amurka baki ɗaya. Abin da ya sa lamarinta ya isa a zauna a yi nazarinsa shi ne, halin da ya kai ta ga nasara a hukumar shi ne ya haɗa ta da jama'arta a jami'a. Abin da ya fi ɗaure kai kuma, darasin da ta tilasta wa kamfanonin nukiliya su koya, wato sauraron na ƙasa idan ya kawo ƙorafi, shi ne malamanta suka yi shekaru suna cewa ita ba ta aiki da shi.

Yarinyar Washington a MIT

An haife ta ranar 5 ga Agustan 1946 a birnin Washington, lokacin da makarantun birnin ke rabe, na farar fata daban, na baƙaƙe daban. Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne. Abubuwa biyu suka faɗo daidai da ƙuruciyarta, kuma ita da kanta ta sha ambata su. Ɗaya shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu. Ɗayan kuma tauraron ɗan'adam na Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta harba a 1957, wanda ya firgita Amurka har ta shiga zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya, aka ware ajujuwa na musamman don yara masu kaifin ƙwaƙwalwa. A irin wannan aji ta samu kanta, ta kuma fito ta ɗaya a makarantar sakandare ta Roosevelt a 1964.

A shekarar ta shiga MIT. Mata kaɗan ne a cikin sabbin ɗaliban, baƙaƙen mata kuwa su biyu ne kacal. Ta ba da labarin yadda wasu ke ƙin zama kusa da ita, da yadda aka ƙi karɓarta cikin masu bitar darasi tare, dole ta koma ɗaki tana warware lissafinta ita kaɗai. Wani malami ma ya taɓa nuna mata cewa 'yan mata irinta sana'a ya kamata su koya. Wanda ya saba cin nasara shi kaɗai, a gaban masu jiran ganin faɗuwarsa, da wuya daga baya ya ji suka ya ɗauke ta shawara. A ganina wannan ya bi ta har ƙarshen aikinta.

A Afrilun 1968, tana dab da kammala digirin farko, aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Wasu manyan jami'o'i sun riga sun ba ta gurbin ƙaro karatu, amma ta zaɓi ta zauna a MIT. Ita da wasu suka kafa ƙungiyar ɗalibai baƙaƙen fata, suka miƙa wa hukumar makaranta jerin buƙatu. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Paul Gray, wanda daga baya ya zama shugaban MIT, ita ma aka sa ta ciki. Shekara guda bayan nan sabbin ɗalibai baƙaƙe suka tashi daga 'yan ƙalilan zuwa fiye da hamsin. Shugabar da ɗalibai za su yi wa zanga-zanga bayan kusan shekara hamsin, ashe ita ma da gwagwarmayar ɗalibai ta soma.

Ta kammala digirin digirgir a 1973 ƙarƙashin Farfesa James Young, a fannin lissafin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi cikin ƙwayar zarra. Daga nan ta yi aiki a cibiyar Fermilab kusa da Chicago, ta je CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Geneva, sannan a 1976 ta koma ɗakunan bincike na Bell a jihar New Jersey, inda ta shekara 15. A can ta sauya layi, ta koma nazarin yadda ƙwayoyin lantarki ke gudana a cikin abubuwa masu siraran shimfiɗu, irin waɗanda ake yin kayan lataroni da su. Aikin alƙalami ne da lissafi. Sau da yawa za ka ga ana yaɗawa a Facebook cewa ita ta ƙirƙiro wayar tarho mai maɓallai da na'urar nuna lambar mai kira. Wayar mai maɓallai ta shiga kasuwa a 1963, lokacin tana 'yar sakandare. Abin da ta yi na gaskiya ya isa, ba sai an ƙara mata gishiri ba.

Tana binciken ne tana kuma koyon wani karatun na daban. Tun 1975 ta shiga majalisar da ke jan ragamar MIT. A 1985 Gwamna Thomas Kean ya naɗa ta a hukumar kimiyya da fasaha ta New Jersey. Ta kuma zauna a kwamitin daraktocin kamfanin wutar lantarki na jihar, mai tashoshin nukiliya na Salem da Hope Creek. Daga 1991 zuwa 1995 ta koyar a jami'ar Rutgers. A lura da wannan: shekarunta na cikakkiyar malamar jami'a huɗu ne kawai. Ba ta taɓa zama shugabar sashe ko ta tsangaya ba. Ɗakin taron daraktoci ta sani ciki da bai, ɗakin shan shayin malamai kuwa baƙuwa ce a cikinsa.

Millstone

Shugaba Bill Clinton ya naɗa ta a Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Amurka, wadda aka fi sani da NRC, a 1995, kuma daga watan Yulin shekarar ta zama shugabarta. Kwamishinoni biyar ne ke da kujeru a hukumar, amma tun bayan hatsarin tashar Three Mile Island na 1979 aka ƙara wa shugaba iko a kan ma'aikata da kuma lokacin gaggawa. A lokacin Amurka na da tukwanen nukiliya, wato na'urorin da ke samar da zafin da ake juyawa zuwa lantarki, fiye da ɗari da ke aiki, suna ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar ƙasar.

Ko zama ba ta gama yi ba sai ga rikicin tashar Millstone ta jihar Connecticut. Don a fahimci laifin, sai an san abu guda game da makamashin nukiliya: ko an kashe tukunya, sandunan makamashin da ke ciki ba sa hucewa nan take, suna ci gaba da fitar da zafi na tsawon lokaci. Idan za a sauya makamashi, akan kwashe wani kaso na tsofaffin sanduna, galibi kashi ɗaya cikin uku, a nutsar da su a wani tafkin ruwa mai na'urorin sanyaya. A tukunya ta ɗaya ta Millstone sai aka mayar da shi al'ada a kwashe dukkan sandunan a zuba a tafkin, wani lokaci ma tun kafin cikar wa'adin jira. Dalilin a fili yake, kowace rana da tashar ta yi a kashe asarar dubban ɗaruruwan daloli ce. An yi kusan shekara ashirin ana haka, ga kuma sufetocin NRC a wurin.

Wani injiniyan kamfanin mai suna George Galatis ya gano cewa tsarin sanyaya tafkin bai kai ya ɗauki wannan nauyi ba idan wani abu ya lalace. Tun 1992 yake kai ƙorafi ga manyansa, suka yi masa kunnen uwar shegu, abokan aiki suka ƙaurace masa. Da ya gaji sai ya shigar da koke a hukumance a 1995, kuma a watan Maris na 1996 mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. Kunyar ba ta kamfanin Northeast Utilities kaɗai ba ce, ta hukumar ce da ta gani ta kau da kai.

Jackson ba ta tsaya kare ma'aikatanta ba. Ta amince a bainar jama'a cewa hukumar ta yi sake. Tukwanen Millstone uku duka suka tsaya, aka kuma ce ba mai tashi sai kwamishinoni sun kaɗa ƙuri'a. A Oktoban 1996 hukumar ta rubuta wa dukkan kamfanonin nukiliya cewa kowa ya tabbatar, bisa rantsuwa, cewa tasharsa na aiki daidai da tsarin da aka ba ta lasisi a kansa. A wannan watan ne kuma aka umarci Millstone ta ɗauko wasu daga waje su sa ido kan yadda ake karɓar ƙorafin ma'aikata, aka mayar da hakan sharaɗin sake buɗewa. Wato bai isa a gyara famfo da bututu ba, sai an nuna cewa ƙaramin injiniya zai iya buɗe baki ba tare da tsoron rasa aikinsa ba. An ci kamfanin tarar dala miliyan 2.1 a 1997. Tukunya ta uku ta dawo aiki a 1998, ta biyu a 1999, ta ɗaya kuwa ba ta sake tashi ba. A wannan tsakanin tashoshin Connecticut Yankee da Maine Yankee suka rufe kwata-kwata, masu su suka ga kuɗin gyara ya fi ƙarfin riba.

Sai kamfanonin suka kai kuka majalisar dokoki. A 1998 Sanata Pete Domenici na New Mexico, wanda ke riƙe da ƙaramin kwamitin da ke ware wa hukumar kuɗi, ya yi barazanar zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta. A nan aka ga ɗayan ɓangaren Jackson. Ta hanzarta wani sauyi da dama an soma shi, na sa ido bisa ma'aunin haɗari. A tsohon tsari kowace ƙa'ida nauyinta ɗaya a idon sufeto, kuskuren cike takarda da lalacewar famfon sanyaya duk saɓa doka ne. A sabon tsari ana lissafa yiwuwar kowace irin matsala da girman ɓarnar da za ta iya jawowa, sai a tura sufetoci da kuɗi inda haɗarin ya fi yawa. Wannan tunani ne na mai lissafi, kuma da shi hukumar ke aiki har yau. Sabon tsarin duba tashoshi ya fara aiki a 2000, bayan ta tafi. A zamaninta ne kuma aka karɓi takardar farko ta neman tsawaita lasisin tasha da shekara ashirin, daga Calvert Cliffs ta jihar Maryland. Masu suka sun ce sassauci ne aka lulluɓe da lissafi, kuma da aka gano wani rami da tsatsa ta ci a murfin tukunyar Davis-Besse a 2002, sun ce ga abin da suke faɗa. Duk da haka ta bar hukumar da mutuncinta, har ta jagoranci kafa ƙungiyar shugabannin hukumomin nukiliya na manyan ƙasashe a 1997, ta zama shugabarta ta farko.

Irin shugabancin da NRC ke buƙata ke nan. Doka tana hannunka, wanda kake mu'amala da shi yana ƙarƙashin lasisinka, kuma idan ka ce a tsaya dole a tsaya.

Troy

Jami'ar Rensselaer, wadda aka kafa a 1824, tana cikin tsofaffin makarantun injiniya na Amurka. Ɗalibinta ne Washington Roebling, wanda ya jagoranci ginin gadar Brooklyn. Amma a ƙarshen shekarun 1990 makarantar ta tsaya cik. Ta iya koyar da injiniyoyi, sai dai a fagen bincike MIT da Stanford da Carnegie Mellon sun yi mata nisa, garin Troy kuma masana'antunsa sun mutu. Shugaban da ya gabace ta, Byron Pipes, ya sauka a 1998 bayan majalisar malamai ta yanke ƙauna daga gare shi. Kwamitin amintattu na neman wanda zai girgiza wurin, kuma ba ya son a sake maimaita abin da ya faru da Pipes.

A jami'a mai zaman kanta a Amurka, kwamitin amintattu ne ke naɗa shugaba, shi ke sauke shi, kuma babu wa'adi. Ba kamar jami'o'in tarayya na Nijeriya ba, inda shugaba ke yin zango ɗaya na shekara biyar ya tafi. To amma akwai daɗaɗɗiyar al'ada da ke cewa manhaja da ɗaukar malamai da ƙarin girmansu hurumin malamai ne, ta hannun majalisarsu. Ba doka ce ta ƙasa ba, fahimtar juna ce. Shugaban da ya san hannunsa yakan yi tafiya tsakanin waɗannan iko biyu.

Ta kama aiki ranar 1 ga Yulin 1999 a matsayin shugaba ta 18. Cikin shekara guda ta fito da wani kundin tsari mai ɗauke da alƙawura fiye da ɗari, kowane sashe aka ce ya rubuta abin da zai cimma, a kuma ɗaura kasafinsa a kan haka. Ta zaɓi fannoni biyu da za a zuba ƙarfi, fasahar halittu da fasahar sadarwa. A Maris na 2001 aka sanar da cewa wani da bai so a faɗi sunansa ba ya yi alƙawarin kyautar dala miliyan 360, mafi girma da aka taɓa yi wa wata jami'ar Amurka zuwa lokacin. Gine-gine suka fara tashi. Cibiyar fasahar halittu ta buɗe a 2004. A 2007 aka kafa cibiyar katafariyar kwamfuta ta dala miliyan 100 tare da kamfanin kwamfuta na IBM da gwamnatin jihar New York. A 2009 aka buɗe sabon rukunin filayen wasanni. Kuɗin bincike da ke shigowa a shekara ya tashi daga ƙasa da dala miliyan 40 zuwa wajen miliyan 100, masu neman gurbin karatu kuma suka ninka fiye da sau uku a tsawon mulkinta. Ko maƙiyinta bai isa ya ce ba ta yi aiki ba.

Ginin da ya fi jawo magana shi ne EMPAC, cibiyar kiɗa da wasan kwaikwayo da gwaje-gwajen sauti da hoto, wadda aka buɗe a Oktoban 2008 a kan gangaren da ke kallon garin. Zauren kiɗanta na ɗaukar mutum 1,200, kuma ta ci wajen dala miliyan 200. Curtis Priem, tsohon ɗalibin makarantar kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nvidia, ya ba da miliyan 40, aka sa sunansa a ginin. Hujjarta ita ce injiniyan da bai san fasahar ƙirƙira ba rabin injiniya ne, kuma jami'ar da ke son a san ta a duniya sai ta mallaki abin da ba kowa ke da shi ba. Malamai da yawa kuwa suna kallon tsofaffin ɗakunan gwajinsu suna tambayar wa aka shawarta. Sai kuma aka yi rashin sa'a, bikin buɗewar ya zo daidai da rugujewar kasuwannin kuɗi na duniya. Wata biyu bayan shagalin aka sallami ma'aikata kusan ɗari, ana dab da Kirsimeti.

Rikicin majalisar malamai

Ƙuri'ar 2006 ba a kan gini kaɗai aka yi ta ba. Kukan malamai shi ne ana yanke hukunci daga sama a sauko musu da shi, manyan jami'ai na shiga suna fita, kuma wanda ya yi gardama yakan ga ba daidai ba. Kwamitin amintattu ya fito ya ce yana bayanta ɗari bisa ɗari. Shugabar da ta sha da ƙuri'a shida tana da hanyoyi biyu a gabanta, ko ta jawo 149 ɗin nan a jiki, ko ta ɗauka cewa tunda masu naɗi na tare da ita magana ta ƙare. Abin da ya biyo baya ya nuna wadda aka bi.

Majalisar malamai ta yanke shawarar ba malaman kwantiragi, waɗanda ke koyarwa amma ba su da kujerar dindindin, damar kaɗa ƙuri'a a harkokinta. Kwamitin amintattu ya ce a'a, ya kuma umarci a taƙaita majalisar ga masu kujerar dindindin da waɗanda ke kan hanyar samunta. Majalisar ta ƙi sauya tsarin mulkinta, ta yi zaɓenta yadda ta saba. A Agustan 2007 Robert Palazzo, mataimakin shugaba mai kula da harkokin karatu, ya sanar da dakatar da majalisar gaba ɗaya. Malamai suka yi ƙuri'ar raba gardama, gagarumin rinjaye ya ce a maido ta, ba a saurare su ba. Ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, AAUP, ta yi bincike, a 2011 ta sa Rensselaer cikin jerin makarantun da ta yi wa tambarin take haƙƙin malamai a harkar mulki. Sai da aka shafe fiye da shekara huɗu kafin a sake kafa majalisar a kan sabon tsari.

Maganar ko malamin kwantiragi ya cancanci ƙuri'a abu ne da masu hankali ke saɓani a kansa, kuma amintattun na da tasu hujjar. Matsalar tana wajen maganin da aka ba cutar. A Millstone, Jackson ta gane cewa ma'aikatar da ta toshe bakin ma'aikatanta ta toshe idonta ne, domin su ne ke ganin tsatsa tun kafin ta huda ƙarfe. Majalisar malamai, da duk surutunta da jan ƙafarta, ita ce hanyar da labari mara daɗi ke bi ya isa ofishin shugaba. An rufe ta kamar yadda ake rufe tashar da ta saɓa sharaɗin lasisi. Bambancin shi ne malamai ba masu lasisi ba ne a hannun shugaba. Su ne jami'ar, kuma farfesan da ke da kujerar dindindin ba a korarsa cikin sauƙi, sai dai ya janye zuciyarsa daga wurin, ko ya kwashi ɗalibansa da kuɗin bincikensa ya koma wata makarantar.

Kuɗi, bashi da ɗalibai

A 2009 jaridar Chronicle of Higher Education ta bayyana cewa ita ce ta fi kowane shugaban jami'a mai zaman kanta albashi, dala miliyan 1.6 a shekara. Labarin ya fito ne ba a cika shekara da sallamar ma'aikata ba. A 2014 ta sake zuwa kan gaba da dala miliyan 7.1 na shekarar 2012, kodayake mafi yawan kuɗin ajiya ce ta shekara goma da aka yi mata alƙawari don kada ta tafi. Ga kuma kujerun darakta a IBM da FedEx da Medtronic da Marathon Oil da wasunsu, kowace da ladanta. Masu kare ta sun ce ta waɗannan ƙofofi ne alheri ke shigowa makarantar, kuma akwai gaskiya a ciki, domin a 2013 Rensselaer ce jami'a ta farko da IBM ya ba Watson, kwamfutarsa mai amsa tambayoyi.

Kyautar miliyan 360 ɗin nan ba a dunƙule ta zo ba, kashi-kashi ake biya cikin shekaru masu yawa. Gine-ginen kuwa ba sa jira, saboda haka aka ci bashi. Bashin ya haura dala miliyan 700, har ya zarce abin da ke asusun wakafin jami'ar, ga kuma giɓi a asusun fanshon tsofaffin ma'aikata. A 2017 kamfanin S&P mai auna ƙarfin biyan bashi ya rage wa makarantar maki. Wannan ya ba ni mamaki fiye da komai a lamarin, ganin cewa matar da ta yi suna wajen lissafin haɗari ce ta ɗora wa makaranta irin wannan nauyi bisa fatan kasuwa ba za ta juya ba. A jerin martabar jami'o'in Amurka kuma Rensselaer ba ta yi tsallen da aka yi fata ba, tana nan wajen inda aka same ta.

Ɗalibai su ma suka shigo. Tun 1890 ƙungiyar ɗaliban Rensselaer ke tafiyar da harkokinta, kasafin kuɗi da ƙungiyoyin wasanni da na nishaɗi duk a hannun zaɓaɓɓun ɗalibai, abin da suke alfahari da shi ƙwarai. A 2011 majalisar ɗalibai ta nemi amintattu su yi babban gyara, ko da zai kai ga sauke shugabar. A 2016 hukuma ta tallata wani sabon muƙami da zai hau kan daraktan ƙungiyar, ɗalibai suka ga ƙwace ne. Aka hana su izinin zanga-zanga. Sai wani farfesan falsafa ya ce ai shi ranar a waje zai yi darasinsa, a gaban EMPAC, kuma kowa na iya halarta. Ɗaruruwa suka hallara. A Oktoban 2017, ranar wata liyafar tara kuɗi, aka kafa shinge don tare masu zanga-zanga, suka tsallake, aka tuhumi wasu da saɓa dokar makaranta, daga baya aka janye tuhumar. A farkon 2018 wasu tsofaffin ɗalibai suka kafa ƙungiyar Renew Rensselaer, suka wallafa alƙaluman bashin, suna nuna yadda masu ba da gudummawa a cikinsu ke raguwa.

Akwai tambayar da ba a kauce mata. Da namiji ne farar fata, da an yi masa irin wannan caa? A 2018 wani farfesa ya rubuta wasiƙa yana cewa wariyar launi da ƙyamar shugabancin mace na da hannu a janyewar tsofaffin ɗalibai, hukumar makaranta kuma ta tura musu wasiƙar, abin da ya ƙara rura wutar. Ba na shakkar cewa akwai waɗanda tun ranar farko ba su so ganin baƙar mace a kan makarantar injiniya da maza farar fata suka mamaye ba, kuma halin da ake kira jarumta a wajen namiji sau da yawa girman kai ake kiransa a wajen mace. Sai dai waɗannan malaman ne suka yanke ƙauna daga Pipes, wanda namiji ne farar fata. Bashin miliyan 700 kuma ba shi da launi, haka ma dakatar da majalisa. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, kuma tura waccan wasiƙa ya nuna cewa ofishin shugabar ya fi son jin na farkon.

A waje kuwa darajarta sai ƙaruwa take. Ta shugabanci ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Amurka a 2004, ta zauna a majalisar masu ba Shugaba Barack Obama shawara kan kimiyya daga 2009, kuma a Mayun 2016, 'yan makonni bayan taron gaban EMPAC, Obama ya rataya mata lambar yabo ta kimiyya mafi girma a ƙasar. A 2010 amintattu sun ƙara mata shekara goma a kwantiragi ɗaya, abin da ba kasafai ake gani ba. Idan akwai wanda ya kamata ya amsa tambaya kan yadda rikici ya yi tsawon haka, su ne, domin aikinsu ne su ja wa shugaba burki, su kuwa suka zaɓi zama garkuwarta.

A Yunin 2021 ta sanar da cewa za ta sauka, ta kuma bar ofis a tsakiyar 2022 bayan shekara 23. Martin Schmidt ne ya gaje ta, tsohon ɗalibin Rensselaer wanda ya yi shekaru yana mataimakin shugaban MIT kan harkokin karatu, wato mutumin da ya taso ta cikin malamai mataki-mataki. Watanninsa na farko ya yi su ne yana zagayawa yana sauraron malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai. A Afrilun 2024 aka ƙaddamar da kwamfutar kwantum ta IBM, wani sabon nau'in kwamfuta mai aiki da ƙa'idojin fiziks na ƙananan ƙwayoyi, a harabar makarantar, irinta ta farko da kamfanin ya girka a cikin wata jami'a. Curtis Priem ne ya ɗauki nauyin kuɗin, kuma hulɗar da ta kawo IBM Troy tun zamanin Jackson aka ƙulla ta.